Ba Ya Cin Tumatir

"Nikhat! Wai kina ina ne? Zo ki duba mini masarar nan kada ta dahu ta wuce misali."

Sarai Nikhat ta ji kiran yayarta Shagufta, wadda take ce wa Aapa, amma ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Tana raɓe a bayan ƙofar ɗakinsu, waya a kunne, ta sa gefen mayafi ta toshe baki don kada kukanta ya fita tsakar gida.

"Faraz, don girman Allah kada ku zo," ta faɗa murya ƙasa-ƙasa. "Ka ce ruwa ya tare hanya. Ka ce Amminka ba ta jin daɗi. Ka ce ko mene ne."

"Mun gama shiri," ya ce. "Ammi har ta sa an sayo alawa. Ki saurare ni, Nikhat. Ni ban ce Shagufta ba, ke na ce. In na zauna a falonku aka turo mini ita da tire, wallahi a gaban kowa zan faɗi gaskiya. Ba zan ci abincin mahaifinki in yi masa ƙarya ba."

"Kashe ta za ka yi."

"Ni ko ke? Tun wancan satin nake roƙonki ki gaya mata. Me kika ce da ita?"

Ba ta ce mata komai ba, shi ma ya sani.

"Bayan la'asar muna tafe," ya ce, muryarsa ta ɗan yi taushi. "Gara ta ji a bakinki da ta ji a nawa."

Ya kashe wayar. Ta jingina goshi da bango, tana jin ruwan damina na dukan rufin gidan kamar shi ma faɗa yake mata.

Bara Abbu, mahaifinsu, ya zame a matakalar masallaci ya gurɗe gwiwa. Faraz ne ma'aikacin da ya riƙa motsa masa ƙafar a asibitin ƙashi, Nikhat kuma ita ke kai shi ta dawo da shi. Aka sallami Abbu, amma su biyun ba su sallami juna ba. In ta tashi daga makarantar da take koyarwa, sai su haɗu a bakin babban tafkin birninsu na Bhopal, su sayi masara a wajen masu kura, su yi ta hira har a kira magariba. Babu wanda ya sani a gida.

Da Faraz ya ga abin ya isa, sai ya tura mahaifiyarsa. Gidan Abbu kuwa, wato Master Irshad, babu uwa, ta rasu tun Nikhat na ƙarama, don haka matar ta bi ta hannun ƙanwarsa Zarina, wadda yaran ke ce wa Phuppo, wato gwaggo. Nan aka yi kuskuren da ba kuskure ba ne. Phuppo ta daɗe da yi wa ɗanta Tanwir kamun Nikhat a ranta. Sai ta ce da uwar Faraz ai ƙaramar an riga an yi mata miji, amma ga babbar nan, su zo su gani. Ta juyo gida ta ce da Abbu yaron nan na asibiti ya aiko neman Shagufta.

Nikhat na tsaye a wurin da butar shayi a hannu. Ta ga Abbu ya ɗaga hannu sama yana hawaye. Ta ga Shagufta ta sunkuyar da kai tana murmushin da rabonta da shi har an manta. Kalma ɗaya za ta faɗa a lokacin komai ya warware.

Ba ta faɗa ba. Ta zuba wa kowa shayi.

"Nikki! Sai na zo na jawo ki da kunne?"

Ta goge fuska ta nufi kicin.

Shagufta na tsaye gaban murhu, ta sa sabbin kayanta ruwan ganye, ta ɗaura tsohon zani a kansu don kada mai ya taɓa. Hannunta ya sha lalle. Ta haura talatin, kuma duk unguwar ba wanda bai san dalilin zamanta ba. Tabon ƙuna ne ya taso daga kafaɗarta ya hau wuya har ƙasan kunne. Ta same shi ne ranar da Nikhat, tana 'yar ƙarama, ta jawo kaskon mai daga kan wuta, ita kuma ta kifa kanta ta rufe ta. Tun daga nan masu neman aure ke zuwa su ci su sha, su saci kallon wuyan, su ce za su bugo waya.

"Me ya sami idonki?" Shagufta ta tambaya.

"Albasa."

"Albasar da ba a yanka ba? To zo ki yanka, kukan ya samu dalili." Ta yi dariya ta miƙa mata wuƙa, sai kuma ta janye. "A'a, bari. Yau ni zan yi komai. Ke dai ki tsaya ki riƙa gaya mini."

"Aapa, ki je ki zauna kada ki ɓata kwalliyarki. Zan haɗa."

"Duk baƙin da suka taɓa zuwa gidan nan, ke kike yin caat, kwaɗon masarar nan, a ce ni ce. Shinkafa da nama na iya, wannan kwaɗe-kwaɗen naku na 'yan zamani ne ban iya ba. To yau ba zan fara da ƙarya ba. Mutumin da ya ga wuyana da idonsa sa'ad da ya rako Abbu gida, kuma ya ce ya ji ya gani, bai cancanci in yaudare shi ko da cokali ɗaya ba."

Nikhat ta ji kamar an zuba mata tafasasshen ruwan masarar a ƙirji. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sauke ta, ta yi."

Suka tace masarar ta sha iska. Ta nuna mata yadda za ta tsayar da ita a faranti ta bi da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, ƙwayoyin na zubowa, totuwar na fita fes. Shagufta na yi tana cije leɓe kamar ɗaliba a ɗakin jarrabawa.

"Sai me?"

"Man shanu a kasko, kaɗan. In ya narke ki juye masarar. Kada ki bar ta ta ƙone, ta dai ɗan yi ja a gefe."

Ƙamshi ya cika kicin ɗin. Shagufta na juyawa tana 'yar waƙa a hanci.

"Kin san me, Nikki? Jiya na buɗe akwatin marigayiya Amminmu. Na ɗauko awarwaronta na gwada, ya shige ni daidai. Da na riga na sa a raina ke zan ba wa duka." Ta juyo da sauri. "Amma kada ki damu, mu raba. Biyu naki, biyu nawa."

"Ki riƙe duka, Aapa."

"Ji ta! Yau kuma kunya ake ji?"

Labulen ƙofa ya ɗage, Phuppo Zarina ta shigo da ƙugi, tana fifita da gefen mayafi duk da sanyin ruwan.

"Har yanzu ba ku gama ba? Mutane na hanya kuna nan kuna hira kamar matan bakin famfo. Ke Shagufta, ki ja mayafin nan ki rufe wuyan da kyau in za ki shiga. Ba sai an yi wa mutane talla ba."

"Ya riga ya gani, Phuppo."

"Shi ya gani, uwarsa fa? Namiji da ido ɗaya yake kallo, uwar miji da huɗu." Ta sa hannu ta ɗebi masara a kasko ta watsa a baki, ta juyo kan Nikhat. "Ke kuma kada in ga ƙeyarki a falo. Yarinyar da aka yi wa miji ba ta yawo gaban baƙi. Tanwir ya bugo ɗazu yana tambayarki. Da an gama da wannan, sai mu sa taku ranar."

"Ni ban ce..."

"Ba ki ce me ba?" Phuppo ta kafe ta da ido. Kallon ya daɗe, kuma Nikhat ta gane abin da ke cikinsa: na san kin sani, kin kuma yi shiru, yanzu ni da ke jirgi ɗaya ya ɗauko mu.

Nikhat ta sunkuyar da kai. Phuppo ta yi murmushi ta fice.

"Rabu da ita," Shagufta ta ce. "In ba kya son Tanwir, ni zan tsaya miki. Bari dai in samu bakin magana a gidan nan. Matar aure ai ana jin tata." Ta juye masarar a babban kwano. "To, malama, sai me?"

"Albasa. Ki yanka ƙanana sosai. Da ɗanyen barkono guda biyu, ki cire 'ya'yan."

Ta yanka ta zuba. Aka barbaɗa jan yaji, da garin masala mai tsami, da ɗan baƙin gishiri. Nikhat na faɗa, bakinta na aiki, zuciyarta kuwa tana can tana lissafin yadda za ta fara. In ta zuba yajin zan faɗa. In ta juya zan faɗa. Aka zuba, aka juya, ba ta faɗa ba.

Shagufta ta jawo wani ɗan faranti da ta rufe da murfi. Tumatir ne jajir, ta riga ta yanka shi tun da rana, 'yan ƙanana daidai wa daida.

"Wannan kam ban jira ki ba. Dubi yankan, ko a otal sai haka."

Ta ɗaga farantin kan kwanon.

Nikhat ba ta san lokacin da ta cafke mata wuyan hannu ba.

"Kada ki zuba! Ba ya cin tumatir."

Shagufta ta tsaya da faranti a sama. "Wa?"

"Faraz. In ya ci ɗanye jikinsa duk sai ya yi ruɗu-ruɗu, har numfashinsa ya riƙa..."

Maganar ta riga ta fita, ba a mayar da ita.

A hankali Shagufta ta ajiye farantin. Ba ta daina murmushi ba tukuna, amma murmushin ya tsaya cak a fuskarta kamar ya rasa hanyar komawa.

"Abbu ne ya gaya miki?"

Ga ƙofa a buɗe. In ta ce e, shi ke nan, an wuce wurin. Nikhat ta dubi hannun yayarta, ta dubi lallen da ita da kanta ta zana mata shekaranjiya.

"A asibiti na ji," ta ce da ƙyar.

"A asibitin ƙashi ake hirar tumatir?" Shagufta ta rage wutar murhu, ta kashe gaba ɗaya. "Kuma Faraz kika ce. Abbu ma Dakta Sahib yake ce masa. Ni da ake cewa zan aure shi, ko a zuciyata ban iya kiran sunansa gatsau ba. Ke kuwa ya fito miki a baki kamar kin saba. Nikhat, dube ni."

Ba ta iya ba. Ta durƙushe a kan simintin kicin ta kama ƙafar yayarta.

"Aapa, ki yafe mini. Ki yafe mini don Allah."

"Me zan yafe? Ki faɗa da baki."

"Ni ya aiko nema. Ba ke ba. Phuppo ce ta juya maganar saboda Tanwir. Mun daɗe muna... tun bara muke tare."

Babu abin da ake ji sai ruwa a kan rufi. Nikhat ta jira mari, ta jira ihu. Da za a mare ta da ta ji sauƙi.

"Tun yaushe?" Shagufta ta tambaya, murya a daidaice.

"Tun Abbu na asibiti."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Tun yaushe kika san ba ni ake nema ba?"

"Tun... tun ranar da Phuppo ta zo da maganar."

"Tun ranar." Ta gyaɗa kai. "Wato da muka je kasuwa kika zaɓa mini wannan yadin, kin sani. Kika kara shi a jikina kika ce ya yi mini kyau."

"Wallahi ya yi miki kyau, Aapa."

"Rufe mini baki! Da kika zaunar da ni kina zana mini lalle, ina ba ki labarin yadda zan shirya ɗakina, kin sani. Na buga wa ƙawayena waya, waɗanda 'ya'yansu har sun shiga sakandare, na ce musu nawa ya zo. Kina zaune a gefena kina ji."

"Na kasa ne. Kullum in na buɗe baki sai in ga kina dariya. Rabon da in ga kina dariya haka... Na ce bari gobe, gobe ta yi na ce bari jibi. Har roƙonsa na yi ya haƙura da ni ya aure ki, ya ƙi."

Nan ne Shagufta ta ja da baya kamar an watsa mata wuta.

"Kika roƙe shi? Kika roƙa mini miji? Sadaka za ki ba ni, Nikhat?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Da kin gaya mini a ranar, da na shiga ɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito. Na saba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajena. Har in tsaya miki a gaban Abbu in ce a ba ki wanda kike so. Ni na goye ki, ni na yi miki tsifa, na bar karatuna don ki yi naki. Kina ganin miji ne zan hana ki?" Sai a lokacin hawayen suka zubo mata, suka jawo kwalli har haɓa. "Amma kika bar ni na hau can sama, kina tsaye a ƙasa kina kallo, kin san babu tsani."

Nikhat ta kifa kai a ƙasa tana kuka kamar ranta zai fita.

Shagufta ta kai hannu wuyanta ta shafa tabon, ta sauke.

"Ban taɓa yi miki gorin wannan ba. Yau ma ba zan yi ba."

Ta juya ga kwanon. Ta ture farantin tumatir gefe.

"Miƙo mini lemon tsami."

"Aapa..."

"Na ce ki miƙo. Baƙi za su zo gidan ubana, ba za su tashi da yunwa ba."

Nikhat ta miƙe ta miƙa mata. Shagufta ta raba lemon ta matse shi har sai da ɓawon ya tsage. Ta juya, ta ɗanɗana, ta ƙara rabi. Ta watsa ganyen daniya mai ƙamshi da 'ya'yan rumman, ta zuzzuba a ƙananan kwanuka, ta barbaɗa wa kowanne soyayyen sev, 'yar siririyar taliyar garin wake, a kai don ya yi ƙaras-ƙaras.

"Shi ya san ni za a fito masa da ita?"

"Ya sani."

"Me ya ce zai yi?"

"Ya ce... zai faɗi gaskiya a gaban kowa."

Shagufta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Madalla. Sauran a waya suke ƙi na. Wannan shi a gaban Abbu zai yi, ina tsaye da tire."

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka ji Abbu na lale marhabin da muryar da ya daɗe bai yi amfani da ita ba, sandarsa na ƙwanƙwasa ƙasa da sauri. Phuppo ta leƙo. "Sun iso! Ke, gyara idonki, kwallin ya zubo. Kukan farin ciki tun yanzu?" Ta koma.

"Bari in je in kira Abbu gefe in gaya masa," Nikhat ta ce. "Yanzun nan. Zan faɗa masa komai."

"Yanzu? Da baƙi a zaune?" Shagufta ta kwance tsohon zanin ta ninke, ta goge fuska, ta ɗauki tiren. "Kin makara. Kin iya shiru, ki ci gaba da abin da kika iya."

Ta wuce ta. Mayafin ma ba ta ja ta rufe wuyan ba.

Nikhat ta bi ta har bakin falo ta tsaya bayan labule, ta samu 'yar kafa tana leƙe. Ga Abbu ya sha farar riga, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Aljanna. Ga Phuppo a gefensa. Ga Begum Rehana, mahaifiyar Faraz, mace mai jiki da tabarau. Ga shi kuma a ƙarshen kujera, kafaɗar rigarsa ta jiƙe da ruwa, idonsa na kan labulen kamar ya san tana wurin.

Shagufta ta yi sallama ta bi kowa da kwanonsa. Begum Rehana ta dubi fuskarta, ta dubi wuyan, ta kawar da kai da ladabi. Ta kai cokali baki.

"Masha Allah! Tsamin ya zauna daidai. Ke kika yi, beti, 'yata?"

"Ni na yi, Khala."

"Kuma ko ƙwayar tumatir babu! Ina ta zullumi a mota, na manta ban aiko an faɗa ba. Kamar kin san yaron nawa."

"An gaya mini," Shagufta ta ce.

Abbu ya yi dariya yana shafa gemu. "Ai haka take. Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ce gidan nan. In ta tafi ban san yadda zan yi ba."

Faraz ya ajiye kwanonsa bai taɓa ba. Ya gyara zama.

"Master Sahib, ka gafarce ni. Kafin a yi nisa ina da magana."

Nikhat ta damƙe labulen.

"Abbu," Shagufta ta katse shi. Tana tsaye tsakiyar falon, ta rungume tiren a ƙirji. "Ka yafe mini, ni zan riga shi. Ba na son wannan auren."

Cokali ya faɗi daga hannun Phuppo.

"Me kika ce?" Abbu ya tambaya, yana murmushi har yanzu, kamar bai ji da kyau ba.

"Na ce ba na so. Na gode musu da suka tako cikin ruwa. Amma bai kwanta mini ba."

"Bai kwanta miki ba!" Phuppo ta miƙe tana tafa hannu. "Jama'a ku ji mini! Wa kike da shi? Layi suka yi a ƙofa da za ki zaɓa? A shekarunki, da wannan wuyan naki? Bhai-jan, yayana, ka ga abin da sangarta ta jawo ko?"

Begum Rehana ta ajiye kwano tana laluben jakarta. "Mu dai an ce mana an shirya. Da mun san haka ne..."

"Ammi, ki tsaya," Faraz ya ce. "Master Sahib, ba laifinta ba ne. Ni ne..."

"Malam, babu ruwanka," Shagufta ta faɗa ba tare da ta dube shi ba. "Ni na ce ba na so. Ka ɗauki mahaifiyarka ku tafi da mutuncinku."

Abbu ya dogara sanda ya miƙe. Nikhat ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Shagufta. Shekara nawa ina tashi cikin dare ina roƙa miki wannan ranar? Mutumin da ya tsayar da ni a kan ƙafata ya kawo uwarsa gidana, ki tsaya ki watsa musu ƙasa a ido? Ki ba ni dalili."

"Ba ni da dalili, Abbu."

"To ki durƙusa ki ba su haƙuri, ki janye maganarki."

Hawaye na bin fuskarta, amma kanta a ɗage.

"Ba za ki yi ba?" Muryarsa ta karye. "Ashe ban san wadda na haifa ba. Ki ji da kyau, in mutanen nan suka fita ƙofar nan a kan wannan maganar, kada ki ƙara kira na Abbu. Na yafe..."

"Abbu, kada ka ƙarasa!"

Nikhat ta yaye labulen ta faɗo falon, babu mayafi a kanta, hannunta duk yaji. Kowa ya juyo. Faraz ya miƙe tsaye.

"Ke, koma ciki!" Phuppo ta daka mata tsawa.

"Ba zan koma ba. Abbu, Aapa ƙarya take yi, rufa mini asiri take. Ni Faraz ya aiko nema. Phuppo ta sani, ita ta juya maganar. Ni ma na sani tun ranar farko, ina tsaye a nan na yi shiru. Na bar ka kana murna, na bar ta tana ɗinki. Sai ɗazu ta ji a kicin. In akwai wadda za ka yafe wa duniya a gidan nan, ni ce."

Begum Rehana ta juya ta dubi Phuppo ta saman tabarau, Phuppo ta shiga gyaran mayafin da bai zame ba.

Abbu bai yi ihu ba. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Faraz, sannan ya dubi Shagufta ya daɗe, da sabbin kayanta da lallenta da tire a ƙirji. Sandar ta suɓuce ta faɗi, ya yi taga-taga.

Da gudu Nikhat ta isa ta tallafo hannunsa.

Ya zare hannun a hankali, ko kallonta bai yi ba.

"Ba ke ba," ya ce. Ya miƙa shi ɗaya gefen. "Shagufta, 'yata. Zo ki riƙe ni."